Shekarar da Ruwa Ya Tafi da Uwar Taki

Ku da kuka zo mini da waya a hannu kuna nuna mini wani mutum yana zuba ɓawon ayaba a bokiti, wai ga yadda ake yin taki, ku nemi wuri ku zauna tukuna. Na kalla. Mutumin ya zuba shara, ya rufe bokiti, hoton ya ɗan yi duhu, ya buɗe, sai ga taki baƙi wuluk, shi kuma yana ta murmushi da farar rigarsa. To wannan duhun da kuka gani na ƙiftawar ido, a cikinsa na tsufa. A cikinsa ƙuguna ya lalace, a cikinsa kunama ta san ni na san ta. Shi ne aikin, kuma shi ne ba a nuna muku ba.

Sunana Haruna, amma in kun shiga Birnin Kudu kuka ce Haruna, sai an tambaye ku wanne. Ku ce Haruna Juji, ko akuya za ta nuna muku ƙofa. Da can sunan yana ƙona mini rai, har na taɓa bin wani mai faci da shebur a kansa. Yanzu na saba. Abin da ban saba da shi ba, kuma ba zan saba ba, shi ne a ce mini juji da taki abu ɗaya ne. Juji shara ce da aka zubar aka juya mata baya. Taki shara ce da mutum ya zauna da ita wata da watanni, yana ba ta ruwa, yana juya ta, yana jin zafin jikinta. Duk wanda ya haɗa su a gabana sai mun ɓata.

Aikin farko da Malam Buba, wanda ya koya mini wannan sana'a, ya ba ni a garin Dingaya shi ne tsinta. Babana ne ya kai ni wurinsa, bayan tela ya maido ni, maƙeri ma ya maido ni. Malam Buba ɗan gidan Fulani ne da shanunsu suka ƙare suka kama noma. Fulatancin da ya rage masa na faɗa ne kawai, kuma duk a kaina ya ƙarar da shi. Ya tsayar da ni gaban wani tulin shara ya ce in fitar da duk abin da ƙasa ba ta ci: fasasshiyar kwalba, tsohon batir, ƙashi, roba, leda. A lokacin ma leda ba ta yi yawa ba. Yau kam, Allah na tuba, in ka tona sharar gida guda sai ka rantse mutanen gidan leda suke ci. Na yi ta tsinta da hannu har na fara tsince-tsince a cikin tuwona. Da na ce na gama, ya zo ya sa yatsa sau ɗaya ya zaro murfin kwalba, ya miƙo mini. Na koma na faro daga farko.

Sai da ya ga na daina toshe hanci sannan ya bar ni na shiga rami. A inuwa ake haƙa shi, zurfinsa kada ya wuce ƙugu, don duk abin da ka zuba kai za ka fitar da shi. A ƙasa karan dawa da aka sassara, don iska ta sami hanya. Sai busasshen ganye da ɓawon gyaɗa. Sai ɗanyen kaya: ciyawa, ganyen darbejiya saboda gara, ɓawon kabewa, ruɓaɓɓen tumatir, duk abin da matan gida suka yar in suna gyaran kayan miya. Sai kashin dabbobi. Sai toka, barbaɗawa kawai, kamar gishiri a miya. Wanda ya juye ta da kwano ya kashe aikinsa da kansa. A yayyafa ƙasa, a ba shi ruwa, a sake hawa. Ruwan ma da iyaka. Ka damƙi takin ka matse, hannunka ya jiƙe amma kada ya ɗiga. In ya ɗiga, gobe maƙwabta za su zo gaishe ka da hanci a toshe. In bai jiƙe ba, ka dawo bayan watanni ka tarar da shararka yadda ka bar ta, tana zaman jiranka. Man girki da romon nama da kashin kare ko na kyanwa ba sa shiga, kuma kada wani ya tambaye ni ko ɗan kaɗan fa. Ba sa shiga.

Kashin ma kowanne da halinsa. Na shanu mai sanyi ne, mai haƙuri. Na awaki sai an daka shi, in ba haka ba ya shekara yana kallonka ƙwaya-ƙwaya. Na jaki munafuki ne, cike yake da irin ciyawa, in bai dahu ba ka kai wa mutum, to ka shuka masa ƙarangiya da hannunka. Na kaji kuwa wuta ne. Akwai wani mai lambu a bakin kogi da ya ga kamar ina ɓata masa lokaci, ya je gidan gona ya kwaso ɗanyen kashin kaji ya zuba wa shukar tattasai. Da safe ya tarar duk sun sunkuyar da kai, kafin la'asar sun ƙone ƙurmus. Ya zo yana tambayata ko akwai addu'ar da ake yi. Na ce akwai, ta ta'aziyya. Bai ji daɗi ba, amma ya sake shuka a makare, kuma wurina ya ɗauki taki.

Kayan aikin ba su da yawa. Shebur, fatanya, adda ta sarar kara, raga ta tankaɗe, tsohuwar tabarma ta rufi, da wani ƙarfe mai yatsu da maƙeri yake ƙera mana, muna ce masa cokali, da shi ake juyi. Da can jaki da mangala ke kai kaya, yanzu baro ne da amalanke. Babba a cikinsu duka sanda ce, doguwa, wadda ake cakawa a tsakiyar rami a bar ta. In ka zaro ka damƙa ka ji zafi, taki ya kama, yana dahuwa. In ka ji sanyi, to ko ƙishi yake ji, ko ruwa ya shaƙe shi, ko kai ne rago. Malam Buba kullum na ƙarshen yake zaɓa.

Yanzu ga abin da ya sa na ce ku zauna. A gindin rumbun Malam Buba akwai wata randa a rufe da faifai, cike da tsohon taki wanda ya dahu har ya koma gari. Sunanta uwa. Duk sabon ramin da za a haɗa, sai ya ɗebo ƙoƙo ɗaya daga randar da hannunsa, ya zuba a kusurwa can ƙasa, sannan a ɗora sauran kaya a kai. Ya ce mini yadda mata suke zuba tsohon nono a sabuwar madara ta kwana ta zama kindirmo, haka uwa take yi wa taki, kuma shi ma wurin wanda ya koya masa ya karɓo ta. In rami ya dahu sai a ɗebi nasa a mayar wa randa, don haka ba ta ƙarewa. Sharaɗin ɗaya ne: sai uwa ta zaga ko'ina a cikin ramin. Ƙoƙo ɗaya fa, a ramin da bijimin sa zai kwanta ya juya! Ranar juyi sai ka kwashe komai waje, na ƙasa ya koma sama, na gefe ya koma ciki, ka sake, ka kuma sakewa. Ina gamawa, gumi har cikin ido, sai Malam ya tako a hankali ya damƙi taki daga can wani lungu, ya kai hanci, ya girgiza kai.

"Uwa ba ta zo nan ba."

Sai in sake ɗaukar cokali. Na sha tsayawa bayan ya tafi in shinshina lungun nan, in shinshina wancan, ban taɓa jin bambanci ba. Na ɗauka hancina ne bai nuna ba tukuna. Ranar da ya sallame ni ya ƙulla mini uwa a tsumma, ya ce in na bari ta mutu kada in sake zuwa gaishe shi. Na kawo ta Birnin Kudu, na saya mata randa tun kafin in saya wa kaina katifa.

Buhun farko da na kai unguwar ma'aikatan asibiti, Hajiya Ladi na kai wa. Tsohuwar nas ce da ta yi ritaya ta cika tsakar gidanta da buhunan siminti da tsofaffin bokitai, tana shuka alayyafo da zogale da yakuwa. Ba ta yarda takin zamani ya shiga gidanta, ta ce ta gaji da ganin magani a wurin aiki, ba za ta ci shi a miya ba. Kafin ta karɓa sai da ta sa safar hannu ta dudduba, kamar majinyaci aka kawo mata. Ita ta koya wa matan unguwar haɗa nasu a fasasshiyar randa, ɓawon kayan miya da toka da kashin awaki, su kuma sai su aiko a kira ni in sun ga tsutsa. Gwazarma ce, farar nan mai ƙiba, ba abin da take yi, a tsince a ba kaji. Amma sai ka ga mace mai jikoki ta haye turmi saboda ita. Manyan masu ɗaukar takina kuwa masu lambun rani ne, daga bakin kogi har Farin Dutse, irin su Malam Garba mai albasa. Su ba ruwansu da labari. Da kaka ta yi, ruwa ya ja baya, suna son ganin taki a bakin lambu. In babu ba za su jira ka ba, sai su sayi na zamani. Wanda kuwa ya saba da na zamani, mai sauƙin ɗaurawa a bayan babur, da wuya ya sake dawowa wurinka.

Shekarar da ruwa ya yi mana ɓarna, ina kasuwa aka fara shi, da rana tsaka. Ramukana suna bayan gida ta wajen kwari, a cike, saura kaɗan su dahu. Kafin in iso kwarin ya tashi ya shigo unguwa. Matata Asabe ta fitar da yara da awaki da buhun gero, Allah ya saka mata. Da ruwa ya janye na je na tarar ramukan sun zama kududdufi, kwaɗi har sun tare. Katangar baya ta faɗi, randar uwa kuwa ko gutsurenta ban gani ba. Mutane suna jajanta wa juna ɗakuna da gonaki, ni ina bin kwari da sanda ina tonon laka. Na ji kunya, amma ban fasa ba, don tsoro ya fi kunyar yawa. Damina ta kusa fita. In na haɗa sabon rami nan kusa, da ƙyar zai riski masu lambu. In na makara shi ke nan, na rasa su, sana'a ta tashi. Kuma a iya sanina rami ba ya kamawa sai da uwa.

Asabe ta ce in haɗa haka nan mana, shara ce, ai dole ta ruɓe. Na tambaye ta ko ta taɓa ganin kindirmo ya yi kansa. Ta ce ita dai ta sha ganin madara ta lalace da kanta, taki kuwa ai lalacewar ake nema. Ban kula ta ba.

Sai dabara ta faɗo mini. Duk takin da na sayar bara akwai uwa a jikinsa. In akwai wanda ya rage masa ko rabin kwano ne a gindin buhu, wanda bai taɓa ƙasar gona ba, ya isa in tayar da randa. Na ɗauki Iliya ɗan acaba. Iliya magidanci ne mai kirki, tuƙinsa lafiya lau, bakinsa ne ba shi da birki. Ban gaya masa komai ba saboda kunya, na ce dai akwai abin da nake nema a cikin takin da na sayar. Ashe da na gaya masa gaskiya da ya fi mini sauƙi. Duk gidan da na shiga, shi yana waje wurin masu shayi da masu faci, yana cewa Baba Haruna wani abu yake nema a takinsa, ya ƙi faɗa, amma ku dubi idonsa.

Gidan Hajiya Ladi muka fara zuwa. Ta ce ta juye nata tas tun farkon damina, ta ba ni haƙuri da kofin zoɓo. Washegari na biyo ta ƙofar, na tarar an zazzage buhunan alayyafo a tsakar gida, jikokinta suna tankaɗe ƙasa da rariyar tuwo. Labari ya je mata cewa zoben zinariya ne na wata matar Alhaji ya faɗa shara. Na rantse mata babu zobe. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce ta yi aiki da mutane shekara da shekaru, ta san fuskar mai ɓoye ciwo. Ta juya ta ce wa yaran su ci gaba.

Kafin mu kai Farin Dutse zoben ya zama laya. Wai Malam Buba ya ba ni wani asiri da nake binnewa a rami, shi ya sa albasar da ta ci takina take fin ta kowa, yanzu kuma ya kuɓuce mini ya faɗa buhun wani. Malam Garba yana da ragowar rabin buhu, na sani, don ni na ɗora masa shi a rumfa da hannuna. Da muka isa, rumfa wayam. Ya tarbe ni da fara'a, ya shimfiɗa tabarma, aka kawo fura, muka gaisa har gaisuwa ta ƙare muka ɗauko wata. Da na kawo maganar sai ya dubi sama ya ce ai ɓeraye sun cinye. Na ce haba Malam Garba, ɓera ya ci taki? Ya ce ɓerayen bana ba irin na da ba ne. Daga baya matarsa ta gaya wa Asabe a wurin suna cewa buhun yana ƙarƙashin gado, ya hana a share ɗakin. Wani kuma a ƙauyen gaba, da ya hango babur ɗinmu, da gudu ya kwashi nasa ya watsa a gona, wai in ma akwai abin, to ya zauna a ƙasarsa. Ina tsaye ina kallo kaji suka bi suna tono.

Abin bai tsaya nan ba. Malamin Islamiyyar unguwarmu, wanda nake kai wa taki saboda mangwaron makaranta, ya aiko a kira ni. Mutum ne mai sanyin magana. Ya zaunar da ni ya yi mini nasiha mai tsawo a kan dogaro ga Allah da barin binne-binne. Na bari ya kai aya, sannan na kwance masa komai, tun daga randar Dingaya. Ya ƙare mini kallo. Can ya ce, wato abin da ake ta wannan magana a kansa taki ne. Na ce taki ne, Malam. Ya ce ba rubutu, ba ƙulli. Na ce babu. Ya ce to Alhamdu lillahi, ta fuskar addini ba ni da laifi, ta sauran fuskokin kuwa shi ba likita ba ne.

Kwanaki suna ta tafiya, masu lambu har sun fara gyaran fadama. Dingaya ce kaɗai ban je ba, kuma da gangan. Malam Buba ya daɗe da rasuwa. 'Ya'yansa ɗaya direba ne, ɗaya yana sayar da kayan waya, ramin ma an cike shi an yi shago a kai. Saura matarsa, Inna Dije, wadda ta ciyar da ni duk shekarun da na yi a gidan. Da wane ido zan dube ta in ce abin da mijinta ya damƙa mini na bar ruwa ya tafi da shi? Amma ba yadda na iya. Na ce wa Iliya ya juya kan babur, kuma in ya buɗe baki a Dingaya ni da shi har abada.

Na same ta a tsakar gida da hantsi tana ɓarar gyaɗa. Ta tsufa ƙwarai, amma ta gane ni tun daga sallama. Ta tambayi Asabe, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta yi mini jajen ruwa. Ni kuwa tun da na durƙusa na kasa tashi. Na ce Inna, randar Malam, ko akwai abin da ya rage a cikinta. Ta ce wace randa. Na ce ta uwa. Na gaya mata tawa ta tafi, na gaya mata yawon da na sha, har da ɓerayen Malam Garba. Na sunkuyar da kai kamar yaro, ni da furfurata.

Inna Dije ta ajiye gyaɗa. Na ga kafaɗunta suna motsi, na ɗauka kuka take, har na fara ba ta haƙuri. Ashe dariya ce. Ta yi ta har tari ya sarƙe ta, na miƙa mata ruwa, ta sha, ta dube ni, ta sake fashewa.

"Haruna, ranar da za ka tafi, Malam mantawa ya yi. Kana ɗaure kaya ya leƙo ya ce, Dije, yi maza ki ɗebo mini wani abu a bayan ɗakin awaki in ƙulla wa yaron nan. Ni na ɗebo maka da wannan hannun."

Na ce to ta cikin randar fa.

"Ita ma daga nan take. In ta yi ƙasa ya manta, ni nake cikawa."

Na ce amma Inna, ai yana shinshinawa ya gane inda ba ta je ba. Ta ce Malam tun wata mura da ya yi kafin zuwana hancinsa ba ya jin komai, ko miya ce ta ƙone sai ta gaya masa. Gumin rigata yake dubawa. In bayan rigar bai jiƙe har ƙugu ba, to uwa ba ta zo ba.

"Cewa ya yi in ya ce muku, ku yaran aikinsa, ku juya don iska ta shiga, sama-sama za ku yi ku tafi dandali. Amma in kuna tsoron akwai lungun da uwa ba ta je ba, sai kun tono har ƙasa. Shi ma haka aka yi masa."

Wallahi raina ya ɓaci. Na zauna dirshan a ƙasa ina jin haushin mutumin da yake kabari. Shekara da shekaru ina lallaɓa randar nan. Na yi mata rumfa. Na hana Asabe ko matsar da ita in tana shara, mun sha faɗa a kan haka. Na zaga ƙaramar hukuma biyu ina roƙon kashi gida-gida, an mai da ni mai tsafi, an kira ni nasiha, duk a kan sharar bayan ɗakin awaki. Ina cikin wannan haushin kuma sai kewarsa ta taso mini, irin wadda ban ji ba ko ranar da aka binne shi. Na so a ce yana nan ya zage ni da Fulatanci.

Inna ta bar ni na huce, sannan ta nuna ɗakin awakin da haɓa ta ce in je in ɗiba. Na ce me zai yi mini yanzu, tunda na sani. Ta ce ba abin da zai yi wanda wani tsohon takin ba zai yi ba, amma ta san ni tun ina lashe mata kwano, in ba a ba ni abin riƙewa ba ba na gama aiki. Ta ɗauko wani tsohon ɗankwalinta ta ba ni. Na je na durƙusa, awaki suna kallona, na ture na sama na ɗebo na ƙasa, baƙi mai laushi, na ƙulle.

A hanya Iliya ya yi ta waiwaye. Ya ga na rungume ƙulli a ƙirji da hannu biyu, ko ƙarfen babur ban riƙe ba. Ya daure, ya daure, da muka hau kwalta ya kasa, ya ce Baba an samu ke nan. Na ce an samu. Ya ce mene ne. Na ce ya dubi gabansa. Kafin magariba duk Birnin Kudu ta san Haruna Juji ya gano abinsa a Dingaya, a ƙulle a ɗankwalin wata tsohuwa.

Na haƙa sabon rami a tudu, nesa da kwari. Kayan haɗi kam ruwa ya bar mana su ko'ina, karan da ya kwantar, ciyawar da ya tumɓuke, ganye jibgi a gindin katangu. Na juye ƙullin Inna a kusurwa, na ɗora kaya, na rufe, na caka sanda. Masu albasa na riga na rasa su. Malam Garba ya sayi na zamani, kuma har yau bai dawo ba. In mun haɗu a kasuwa mukan gaisa, in tambaye shi ɓeraye. Masu tumatir da tattasai ne suka rage mini, su dashensu yana baya, sun aiko cewa za su ɗan jira, musamman da suka ji abin ya dawo.

Kullum da safe in zaro sanda, sanyi ƙalau. Gobe ma haka, jibi ma haka. Har wani ɗan wari ya fara tashi. Zuciyata ta ce ka gani ko, ga abin da ake samu daga uwar ƙarya. Na zauna bakin rami na rasa abin da yake mini daɗi. Sai na sa hannu na damƙi takin na matse, ruwa ya zubo ta tsakanin yatsuna. Kayan da na haɗa duk a ruwa suka kwana, sun danne juna, ba ta inda iska za ta bi. Na ɗauki cokali. Na kwashe ramin nan kakaf har sai da na ga jar ƙasa, na baza, na gauraya da busasshen ɓawon gyaɗa, na mayar, na sake kwashewa. Ba mai duba rigata, amma ta jiƙe har wando. Da yamma kasa miƙewa na yi, Asabe ta gasa mini baya da ruwan zafi tana mita.

Bayan 'yan kwanaki na lallaɓa da safe na zaro sanda na damƙa, sai da na sake ta ta faɗi. Tururi yana fitowa ta ramin da ta bari. Na ƙwala wa Asabe kira, ta fito da ludayi a hannu, na ce ta taɓa. Ta taɓa ta janye hannu. Na tsaya ina dariya, hawaye na zuba, ban damu da ta gani ba.

Masu tumatir sun sami takinsu a kan kari. Da ramin ya dahu na sayi sabuwar randa, na cika ta, na ɗora faifai, na yi mata rumfa a tudu. Asabe, wadda na riga na gaya wa duk abin da Inna Dije ta ce, tana tsaye da tsintsiya tana kallona. Ta ce Malam, tunda yanzu an san kashin awakin Inna ne, ko za ta iya matsar da randar ta share wurin.

Na ce kada ta kuskura ta taɓa.